Yadda ake sayen dashe a Garwa, a raine shi har ya ga bayan bazara

Shekarar da muka tare a gidanmu na unguwar Jambutu a Garwa, arewacin Kamaru, tsakar gidan fayau take, ko tsinke babu. Hantsi na ɗagawa ƙasa ta ɗauki zafi, kafin azahar ba yaron da ke iya taka ta ba takalmi. Wata Asabar a watan Fabrairu ina komowa daga kasuwa na ga masu dashe sun jera ledoji a bakin titi, ganye shar-shar, furanni ja da fari, sai kwaɗayi ya ɗebe ni. Na tsayar da moto biyu, wato babur, na loda guda 14. Kafin ruwan farko ya sauka uku suka rage: zogale ɗaya, lemun tsami ɗaya, da wata kariya, wadda ko da gangan ka tashi kashe ta sai ka sha wuya. Sauran kuwa, rana ta ɗauki rabonta, gara ta ɗauki nata, akuyar maƙwabta ta suɗe kwano. Uwargida ta ce in daina ɓata rai, ai ya zo a hadisi cewa abin da dabba ko tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne. "Ka ga ke nan, Alhaji, bana ka riga kowa a unguwar nan yin sadaka."

Ni ba malamin gona ba ne, yadi nake sayarwa. Abin da ke biye na koye shi ne da aljihuna, da kuma bakin wani dattijo mai lambu a gaɓar Binuwai. Ya saurari labarin asarata har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ranar da ka sayo su, ramin nasu yana ina?" Na ce, "Baba, ai sai da na kawo su na nemi mai haƙa." Ya girgiza kai ya ce, "Ka fafe gora ranar tafiya."

Tun zamanin Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko, da shirin Sahel Vert ake kiran mutanen arewa su dasa itace, an ma farfaɗo da shirin a 2008. Amma dasawa daban, rayawa daban. Jarrabawar kowane dashe a ƙasar nan tana cikin Maris da Afrilun shekara mai zuwa, kuma duk matakan da zan bi da kai shiri ne na waɗannan watanni biyu.

Mataki na 1: Dubi wata kafin ka dubi aljihu

A Garwa ruwa kan fara taɓa ƙasa jefi-jefi a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya zauna a Yuni, ya yi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a Oktoba. Abin da ke sauka a shekara wajen milimita 1,000 ne, daga nan sai kusan wata shida ba ɗigo. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40. Dashen da ya shiga ƙasa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli yana da wata uku zuwa huɗu na ruwan Allah kyauta, saiwarsa ta nutsa kafin iskar hunturu ta taso.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka, don yakan sauko sau ɗaya ya yi fashin mako biyu ko uku. Jira sai ka tona ƙasa taƙi biyu ka tarar da laima. Agusta kuma marka ce, in ƙasarka mai laka ce dashen zai zauna cikin ruwa ya ruɓe. Na Satumba ya makara. Mutanen Marwa, da ke arewa da mu, su ƙara jira a kan namu, don daminarsu ta fi gajarta, ruwansu kuma bai kai namu ba. Mai foraj, wato burtsatse, ko rijiyar da ba ta ƙafewa yana iya dasawa a Nuwamba ko Disamba, cikin sanyi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi a ledarsa, ka ajiye a inuwa kana shayar da shi har damina.

Mataki na 2: Rami, wata guda kafin saye

Ƙasar garin nan ba iri ɗaya ba ce. Wata unguwa jigawa ce, ruwa na zuba ta shanye. Wata marmara da tsakuwa. Ta kusa da kogi baƙar laka ce, irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa, mai dardarewa da rani ta yi danƙo da damina. Akwai kuma fako, harde a bakin Fulani, wanda diga ke tsalle a kansa. Gidan da aka gama gini kwanan nan yana da nasa ciwon: ƙarƙashin yashin da magina suka baje akwai gutsattsarin bulo, busasshen siminti da leda.

Fara da zaɓen wuri. Mangwaro yana son mita 8 zuwa 10 tsakaninsa da ɗan'uwansa, kuma kada ya kusanci katanga, rijiya ko masai da ƙasa da mita 5. Lemo mita 6, gwaba 5, gwanda 2 zuwa 3. Ɗaga kai ka dubi wayar lantarki. Abin da yau yake cikin leda, tsawonsa bai wuce gwiwarka ba, nan da shekara goma shi ne zai haɗa ka da maƙwabci.

Haƙa rami mai faɗi, tsawo da zurfin santimita 60. A marmara ko fako kai shi 80, ko mita guda in kana da ƙarfin biyan mai diga. Ƙasar sama, wato taƙin farko, tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa kuma ɗaya gefen. Sai ka tuttula bokiti uku na ruwa a ramin ka tafi harkarka. In ka dawo da yamma ya shanye, madalla. In washegari ka tarar da shi kwance, wurin ba na lemo ba ne, ba kuma na gwanda ba. Ko ka sake wuri, ko ka tara tudun ƙasa mai tsayin taƙi biyu ka dasa a kansa.

Cika ramin da ƙasar sama wadda ka cuɗa da bokiti biyu na ruɓaɓɓen taki da tafi biyu na toka. In laka ce, ƙara bokiti guda na yashin kogi, ko buntun shinkafa irin wanda ake samu wajen masu casa a Lagdo. Takin da nake nufi shi ne kashin shanu ko na awaki da ya kwana biyu a juji, ya yi baƙi, ba wari, in ka cusa hannu ba ka jin ɗumi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara, ɗanyen kashin kaji ya fi kowanne mugunta. Ƙasar ƙasan da ta rage, ajiye ta, da ita za ka yi kwarin ban ruwa. Cika ramin har ya yi tozo, jiƙa shi, ka bar shi mako biyu zuwa huɗu ya zauna.

Mataki na 3: Abin da ƙasarka za ta karɓa

Yawancin asarar masu sha'awa irina daga hanyar Ngaundare take zuwa. Garin Ngaundare yana kan tudu, sama da mita 1,000, da sanyi da ruwa mai yawa, a can kuma jirgin ƙasan Yawunde yake tsayawa, don haka kayan kudu suna isowa da sauƙi. Fiya, wardi da furannin inuwa masu faɗin ganye suna murna a can. Da an gangaro da su kwarin Binuwai sai su fara sallama. Cikin goma sha huɗun nan nawa akwai fiya biyu da wardi uku, ba wanda ya ga watan Mayu.

Wanda bai taɓa raino ba ya fara da masu haƙuri. Zogale ma ba sai ka saya ba: roƙi reshe mai kaurin hannu, tsawon mita guda, ka kafa kashi ɗaya cikin uku a ƙasa da damina. Lemun tsami da gwaba suna jure wa sakaci. Lalle yana yin shinge. Gwanda tana ba da 'ya'ya kafin shekara ta zagayo, sai dai ƙishirwa gare ta, kuma ba a gane namiji da mace sai ta yi fure. Shi ya sa ake dasa uku a wuri ɗaya, in sun yi fure a cire namijin, mai ƙananan furanni rututu a dogon sili, a bar guda a gefe saboda matan. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya take kuma ta lulluɓe titunan Marwa da inuwa, wurinta ƙofar gida. A tsakar gida saiwarta tana ƙwace wa kowa ruwa.

Sai mangwaro, wanda kowa ke so. A nan ne kuɗi ke tafiya, a nan ne kuma ake cutar baƙo.

Mataki na 4: A wurin mai reno

Je da safe, kada ka je kana sauri, kuma ka yarda za ka tsuguna. Mai sayen dashe a tsaye ganye yake saya, alhali ran abin yana cikin leda.

Tambayar farko: mai aure ne ko na ƙwallo? Masu reno kan ce girefe, da bakin Faransa. Mai aure shi ne wanda aka yanko reshen uwa mai kyawun 'ya'ya aka ɗaura a kan gindin wani. Yana fara haihuwa a shekara 3 zuwa 4, kuma irin uwar zai ba ka. Na ƙwallo yakan kai shekara 6, 8 ko fiye, ya yi girman da zai cinye gidan. Kuɗin mai aure ya ninka na ƙwallo, kuma ya cancanta. Amma kada ka tsaya a bakin mai kaya, nemi tabon auren da idonka. Yana kamar taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, yankan jirge ne ko mai kama da bakin kibiya, wurin ya ɗan kumbura, launin ɓawon sama da na ƙasa sun ɗan bambanta. Ni an taɓa sayar mini da wanda aka naɗa wa leda a kara kawai. Da na kwance a gida, kara sumul, ko ƙwarzane babu. Tun daga ranar nake roƙon a ɗan sassauta ledar in gani, wanda ya ƙi kuma na yi masa sai an jima.

Tambaya ta biyu: wane iri ne? Wanda ya ce maka "mai daɗi ne, Alhaji" bai san abin da yake sayarwa ba. Ameli tana nuna da wuri. Juli ba ta girma can-can, ita ta fi dacewa da ƙaramin gida. Kent da Keitt manyan 'ya'ya gare su, ba zare, amma suna makara har su shiga damina, lokacin da ƙudan da ke sa tsutsa a mangwaro ya fi yawa. Ƙudan nan baƙo ne daga Asiya, a 2003 aka fara ganinsa a Afirka, a Kenya, cikin 'yan shekaru ya game ko'ina har nan. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da gonar itatuwa a Kismatari, kusa da Garwa, inda aka tara ire-iren mangwaro da lemo. Mai son ya san sunan abin da yake dasawa, ya fara tambaya daga can. In kuma wurin ɗan kasuwa za ka saya, zaɓi wanda zai iya nuna maka uwar da ya yanko reshen.

Yanzu ɗaga ledar, ta gindi, ba ta kara ba. Abu uku kake nema. In ledar ta ƙi ɗaguwa, ko ka ga ƙatuwar saiwa ta huda ta an datse, dashen ya daɗe yana ci daga ƙasan lambun, kuma rabin cikinsa can za a bar shi. In ka girgiza karan a hankali ya yi lako-lako, ƙasar ledar kuma sabuwa ce garas-garas, ba ko ɗan tsiron ciyawa a kanta, to jiya ko shekaranjiya aka tumɓuko shi daga wani wuri aka cusa. Irin wannan yakan yi kwana uku yana murmushi, na huɗu ya sunkuyar da kai. Na ukun shi ne dogon dashe a 'yar ƙaramar leda. Saiwarsa ta gama zagaye cikin ledar ta nannaɗe kamar gammo, ko ka sa shi a rami haka za ta ci gaba da shaƙe kanta. Wannan shi ya fi ruɗar mutane, don kowa yana son babba. Ɗauki matsakaici, mai tsayin santimita 50 zuwa 80, kaurin karansa kamar ɗan yatsa. Cikin shekara biyu zai wuce dogon.

Juya ganyen ka dubi bayansa. Farin abu mai kama da auduga a maƙale, ƙananan ƙwari masu kama da ƙaya-ƙayan kifi a jikin kara, ganye mai danƙo ko baƙin toka-toka, duk ka bar musu kayansu, kada ka kai wa na gida. A lemo dubi gindi: in yana tsattsafo da ƙaro, ciwo ne. Mangwaron da ke cikin sabon toho, ganyensa ja-ja laushi, bai son tafiya, jira ganyen ya yi kore ya ƙosa. Wanda ya yi fure ko ya ƙulla ɗa a cikin leda kuwa talla ce kawai, wahala ce ta sa shi.

Ciniki halal ne, yi abinka. Amma araha ba ta ado, kuma mai renon da ka matse har ya rasa riba ba zai gaya maka wanne ne ya fi lafiya ba. Ni yanzu wuri ɗaya nake saye, na kuma fi samun gaskiya tun da na fara komawa ina ba shi labarin waɗanda suka rayu.

In a moto za ka ɗauko, zura kowanne cikin buhu ko kwali har kansa, don iskar gudu tana yayyaga ganye ta busar da shi. Ka sa a bi a hankali a kan gargada, kada ƙasar ledar ta farfashe.

Mataki na 5: Dasawa

Kada ka dasa ranar da ka kawo. A lambu ƙarƙashin rumfa ya tashi, ana shayar da shi safe da yamma. Ajiye shi mako guda a inda ranar safe kaɗai ke samunsa, kana ɗan matsar da shi fili kullum. Daren da za a wayi gari a dasa, jiƙa ledar sosai.

Dasa bayan la'asar, ko ranar da hadari ya rufe. Buɗe rami a tsakiyar ƙasar da ka cika, daidai girman ledar. Kwantar da dashen, yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi kamar kaurin yatsa, wannan zai tafi da saiwar da ta lanƙwashe a ƙasa. Sa shi a ramin, sannan ka tsaga ledar ta gefe ka zare ta, ƙasar tana dunƙule. Ledar ba ta ruɓewa, kada wani ya ce maka a bar ta.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne zurfi. Ƙasar ledar ta yi daidai da fuskar ƙasar gidanka, ko ma ta ɗan ɗara ta da yatsa biyu, don ramin zai ƙara zama. Tabon aure ya kasance a sarari, nesa da ƙasa. Wanda aka binne wa wuya, ba ya mutuwa ba ya girma, haka zai yi ta zama kamar an yi masa baki. Mayar da ƙasa, danna da tafin hannu ko ka taka a hankali, yi masa kwari zagaye mai faɗin mita guda, ka zuba lita 20 ko da an yi ruwa jiya. Kafa sanda a gefen da iska ke tasowa, ka ɗaure da tsumma sako-sako. Ledar da ke kan auren, in ya kama, kwance ta kafin ta ci cikin ɓawo.

Mataki na 6: Shinge, a ranar

A ranar, ba gobe ba. Akuya ba ta buƙatar fiye da minti biyu, kuma in ta cinye abin da ke saman tabon aure, kuɗin girefe ya tafi, na ƙwallo ya rage maka. Sanduna huɗu da ragar waya mai tsayin mita ɗaya da rabi sun fi komai. In babu, ƙayar magarya ko ta bagaruwa, ko bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga. Kaji ma a lissafa da su, suna tone kwarin neman sanyi, yara kuma da ƙwallonsu.

Mataki na 7: Ruwa

Da damina, in an kwana biyar ba ruwa, shayar. Daga Nuwamba aikin naka ne. A wurina ƙaramin itace yana shan jarka guda, lita 20, sau biyu a mako a lokacin sanyi, a bazara kuma duk bayan kwana biyu. Jigawa tana son a ƙara yawan zuwa, laka tana son a rage. Ma'aunin da bai taɓa yi mini ƙarya ba shi ne yatsa: cusa shi duka a ƙasar kwarin, in akwai laima bari sai gobe.

Yayyafin kofi ɗaya kullum shi ne mafi munin ban ruwa. Saiwa tana bin ruwa, in kullum a sama yake tsayawa, a sama za ta zauna, rana ɗaya ka yi tafiya zafi ya dafa ta. Zuba da yawa, ka ba da tazara, ruwan ya nutsa saiwar ta bi shi. Da asuba ko bayan la'asar ake yi. Lemo kuma ba ya son ruwa ya taɓa gindinsa, nan ciwon ƙaron nan yake shiga. Yi masa ƙaramin tudu a jikin kara, ruwan ya zagaye daga waje kamar zobe.

Dabarar da Baba mai lambu ya koya mini, wadda ta fi kowacce amfani ga mai sayen ruwa a amalanke, ita ce tulu. Sami tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, binne shi har wuya kamar taƙi biyu daga dashen, cika shi, rufe bakin da kasko saboda sauro. Yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, kwana uku ko huɗu kafin ka sake cikawa. Ruwan alwala, na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk kada a zubar. Lemun tsamin nan da ya tsira a shekarar farko, daga baya na gane dalili: kusa da inda nake alwala na dasa shi. Ruwan wanki mai omo ko jabel, wato bilic, kuwa, kai shi kwata.

Rufe kwarin da busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko buntu, kaurin yatsa huɗu, amma bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kara.

Mataki na 8: Taki, gara da ƙwari

Wata biyun farko kada ka ba shi takin zamani ko kaɗan, abin da ke ramin ya ishe shi. Bayan ya yi sabon toho, cikin akwatin ashana biyu na takin zamani mai lamba 20-10-10 ya wadatar, a barbaɗa a bakin kwarin nesa da kara, a rufe da ƙasa, a bi da ruwa. Yuriya ƙarfi gare ta, kashi 46 cikin ɗari na sinadarin da ke sa ganye ne, kuma da ita na kashe gwaba guda saboda son ta yi sauri. Kowace farkon damina ƙara bokiti ɗaya ko biyu na takin gargajiya. Shi ne abincin, na zamani ɗanɗano ne.

Ganye yana magana in ka iya saurare. Tsofaffin ganyen ƙasa sun yi rawaya gaba ɗaya, yunwa ce. Sababbin na sama sun yi rawaya amma jijiyoyinsu kore, musamman a lemo, sinadarin ƙarfe ne ya gagare shi sha, kuma yawan toka ko siminti a ƙasa yana jawo haka, don haka dakatar da tokar ka ƙara ruɓaɓɓen taki. Ganye na rawaya yana zuba alhali ƙasa jagab, ruwa ya yi yawa. Bakin ganye ya ƙone, ko taki ya yi yawa ko iskar hunturu.

Gara ta fi kama wanda ƙishirwa ta riga ta raunana. Duba gindi duk mako, in ka ga ta fara ginin ƙasa a jikin kara, kankare, ka zagaya da toka da dakakken ganyen darbejiya. Kada ka bar busasshen itace ko kara jingine da dashe, har sandar da ka kafa a riƙa dubawa.

Sauran ƙwari kuwa maganinsu yana zube a bakin titi. Tsinci 'ya'yan darbejiya da suka faɗo, wanke, shanya a inuwa, fasa ka daka ƙwayar. Rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulun wanki na sanda a ciki, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako guda. Yana rage darɓa da farin ƙwaron nan mai auduga, musamman in ka kama su da wuri. Ba ya ajiyuwa, na ranar ake haɗawa. A lemo za ka ga wata tsutsa mai kama da kashin tsuntsu, tana iya cinye ganyen ƙaramin dashe cikin kwana biyu, ita hannu kawai za ka sa ka tsince. In kuma ka ga tururuwa na hawa da sauka a jikin itace, bi ta da ido, za ta kai ka inda darɓar take.

'Yan tukwane

Furanni da kayan shayi na uwargida ne, ni mai ɗauko ƙasa ne kawai: kashi biyu ƙasa, ɗaya yashi, ɗaya taki. Kowane mazubi a huda gindinsa. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba, wadda ranar Afrilu ke mayarwa tanda. Na'ana'a da ɗoɗɗoya suna son ranar safe da ruwa kullum. Buganbil, furen nan mai ƙaya mai hawa katanga, akasin haka, in ka cika mata ruwa ganye za ta yi ta yi, sai ta ɗan ji ƙishi take fure. Kariya ma haka, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a ɗaga ta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Mataki na 9: Bazarar farko

Tun ƙarshen Fabrairu kafa wa kowane dashe 'yar rumfa ta zana ko tsohon buhu a gefen yamma, inda ranar azahar zuwa la'asar ke duka. Kada ka rufe shi ruf, yana son hasken safe. Ƙara kaurin ciyawar kwarin. Kada ka ba shi takin zamani, kada ka yi masa aski, kada ka matsar da shi. In za ka yi tafiya, ko azumi ya faɗo a lokacin kowa ya gaji, damƙa jarkar a hannun mutum ɗaya da sunansa, don aikin da aka bar wa "yara" ba mai yin sa.

Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure, murje shi da yatsa tun yana ƙarami. Na gindin ne, ya fi na saman ƙarfi, in ka bar shi zai ƙwace itacen. Idan damina ta dawo kuma mangwaron ya kai tsayin mita guda, datse kansa, cikin rassan da za su fito ka zaɓi uku ko huɗu masu kallon kusurwa daban-daban, ka cire saura.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi mini wuya. Mangwaro mai aure yakan yi fure tun hunturun farko ko na biyu, yana ɗan ƙaraminsa, don reshen da aka ɗaura masa na babbar uwa ne. Dole a tsinke furen, in ba haka ba ƙarfin da zai yi saiwa da rassa ya tafi ga 'ya'ya biyu ko uku, ya shiga bazara a gajiye. Juli ta da ke kusa da zaure ta yi haka a Janairun shekararta ta biyu. Na tsaya a kanta da almakashi na kasa, sai da uwargida ta karɓa ta ce, "Kawo nan, Alhaji, kai tausayinka ne ya kashe na bara." A shekara ta huɗu muka ƙyale ta, ta riƙe guda 23, muka sa wa kowanne jakar takarda saboda ƙuda, biyar daga ciki na kai wa Baba a bakin kogi.